Ramin Inna Fatimatu

Duk unguwar Arawa an san masar Inna Fatimatu, amma ita kaɗai ta san sirrinta. Wani rami ne a titi, daidai bakin rumfarta. Kowane mai Keke Napep sai ya taka birki, ƙamshi ya kama fasinja, shi ke nan. Duk ranar da aka cike ramin nan, kasuwarta ta mutu.

Rannan wani ɗan jaridar rediyo ya zo tambayar 'yan kasuwa sirrin nasararsu. Nehemiah mai walda ya bugi ƙirji, ya ce, "Mu Tangale, gumi muka sani." Abdulhamid mai shadda ya ce su Hausawa ciniki a jininsu yake.

Da aka zo kan Inna, sai ta ja mayafi. "Ɗana, Bafillatana ba ta yabon kanta. Nufin Allah ne."

"Kunyar mata ke nan," in ji ɗan jaridar. "Af, Inna, yau zan yi maganar ramin nan a rediyo, a gyara muku."

Inna ta cika masa leda da masa, har da yaji. "Ci, ɗan albarka, ka bar zancen. Ramin nan maƙwabcina ne, ba mu taɓa faɗa ba."