Kujerar Baba a Bayan Mota

"Baba, don Allah ku sauka," in ji Auta, karo na uku ke nan, makullin mota a hannunsa. "Tara da rabi fa ta wuce."

Baba ko gezau. Yana zaune daram a kujerar ƙarfen da aka soke a bayan a-kori-kurar Auta, laima a samansa, kofin shayi cikin wani zobe da aka liƙa masa a gefe. Ya dangwala ƙafa a ƙasa, motar ta ɗan nutsa ta taso, ya lumshe ido.

"Ka ji ko? Duk gidan nan babu abin da ke lilo kamar wannan."

Shekara uku da Auta ya sayi motar da ƙugiyar jan tirela a bayanta, amma ko keken yara bai taɓa ja da ita ba. Aikinta ɗaya, fasa ƙwaurin bayin Allah. Matarsa ce ta fara samo mata sana'a, ta ɗaura igiyar shanya daga ƙugiyar zuwa tagar kicin. Sai mai waldan layinsu, mutumin da ba ya iya ganin ƙarfe zaune banza, ya gano ana zare kan ƙugiyar a bar rami mai kusurwa huɗu. Shi ke nan! Ya ƙera matakala, ya ƙera teburin guga, daga ƙarshe ya ƙera kujera mai laima, kowanne a ramin ake soke shi. Kujerar nan ce ta fito da Baba daga ɗaki, bayan ya shafe wata bakwai tun rasuwar Inna yana kwance yana kallon silin. Ranar Auta har da hawayen murna. Bai san motar ce ta fita daga hannunsa ba.

Jiya da shekaranjiya duk ya makara. Mai shagon tayil, wanda jigilar kayansa ce ke riƙe da gidan, ya faɗa masa ƙarara: yau ƙarfe goma, in ba haka ba ya ba wani direba aikin gaba ɗaya. An ma gwada kafa kujerar a jikin bango, Baba ya zauna minti ɗaya ya miƙe, ya ce wannan gawa ce.

"To ku dawo gaba mu tafi tare, Baba."

"Ba na shiga gaba."

Kujerar gaba ta Inna ce, a cikinta Auta ya kai ta asibiti tafiyar ƙarshe.

Matar Auta ta leƙo daga kicin. "Ai sai ka tafi da su a haka," ta ce da zolaya. Da ta ga yadda ya kalle ta, dariyar ta ɗauke. Ta kwashe shanyarta, ta kwance igiyar, suka ɗaure Baba da kujerar zagaye uku.

Haka suka hau titi, tafiyar da ko mai tura baro zai wuce su. Baba yana fuskantar baya, don haka duk wanda ya biyo su sai sun haɗa ido. Wani direban bas ya danna hon, ya leƙo zai yi ashar, ya yi arba da furfura ƙarƙashin laima.

"Barka da hutawa, Baba," ya ce, murya a sanyaye.

"Yauwa. Ka rage gudu, kana da iyali."

A shataletale ɗan sanda ya ɗaga hannu. Ya zagaya motar sau biyu yana sosa ƙeya.

"Me kake ja?"

"Babana ne, yallaɓai."

Ɗan sandan ya zaro ɗan littafinsa ya yi ta buɗawa. Fasinja dai a cikin mota yake zama, wannan kuwa yana waje. Tirela kuma tana da taya, wannan ƙafa gare shi, har da takalmi.

"Yaro, ka karya kuwa?" Baba ya tambaye shi. "Na ga leɓenka a bushe. Ga sauran shayi."

"Ku tafi," in ji ɗan sandan. "Don Allah ku tafi kafin oga ya gani."

Goma da ashirin suka isa. Mai shagon yana tsaye a ƙofa da waya a kunne, Auta kuwa ya san wani direban yake kira. Mutumin ya buɗe baki zai fara faɗa, sai ya hango abin da ke bayan motar.

"Ni na tsayar da shi," Baba ya ce daga inda yake a ɗaure. "In kora za ka yi, ni za ka kora."

Mai shagon ya dubi igiyar, ya dubi laimar, ya kashe wayar.

"A loda masa," ya ce.

Aka shiga jera kwalayen tayil. Kowane kwali ya hau, bayan motar ya ƙara yin ƙasa, har sifirin da ke sa ta lilo ya kwanta gaba ɗaya. Baba ya dangwala ƙafa. Shiru. Ya sake turawa da ƙarfi, ko motsi.

"Kun kashe ta," ya ce. "Kwance ni."

Auta ya kwance shi. Baba ya zagaya a hankali yana dafa jikin motar, ya buɗe ƙofar gaba, ya daɗe a tsaye. Kujerar tana nan a matse can gaba yadda Inna ta bar ta, don ita gajeriya ce. Auta ya miƙa hannu zai ja ta baya.

"Bar ta," in ji Baba.

Ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya shiga, gwiwoyinsa a tokare da gaban motar, ya ja ƙofa ya rufe.

"Ja mu je, kafin mutumin nan ya sake shawara."