Hannun Baban Abigail

Matthew na rataye a ƙofar bas yana kiran "Kakau! Kakau!" sai ya hango su a bakin titin Nasarawa. Mata goma sha biyu cikin anko, da ganga da caki. Matan zumunta ne na cocinsu. A gabansu Mama Lydia ce tsaye, wadda ɗanta zai auri 'yarsa Abigail.

Shekara ashirin da biyu Matthew ya yi a masaƙar Kakuri, har da mutane a ƙarƙashinsa. Da aka rufe masaƙar ya yi gadi, ya yi dako, yanzu kuma kwandasta ne da furfurarsa. A coci kuwa cewa yake a ofishin 'yan mota yake aiki. Haka ya faɗa wa surukan ranar da suka zo tambaya, yana zaune cikin babbar riga.

"Abdulmalik, wuce," ya ce wa direba.

"In wuce mutum goma sha biyu? Baba, lafiyarka?"

Ya lalubo tsohon takunkumi a aljihu ya rufe hanci da baki, ya ja hula har gira. Suka shiga suna ta surutu. Ba wadda ta dube shi. Wa ke duban kwandasta?

Ba su yi nisa ba Mama Lydia ta ɗauko waƙa, sauran suka amsa. Bas ta ɗauka. Masu kujerar baya suna rawa a zaune, kafaɗa na bugun kafaɗa, wata ta yi guɗa. Har wani mahauci da ke gaba yana kaɗa kai, Abdulmalik ma ya kashe rediyo.

Sai dai mai gangar ba ta iya ba. Kullum a bayan waƙar take. Matthew kuwa shi ya riƙe gangar coci tun yana saurayi, wannan kiɗa ciwo yake masa kamar haƙori. Ya kau da kai waje, ya dafe rufin mota. Hannun bai yi shawara da shi ba. Ya fara da yatsu, a hankali. Da aka zo inda waƙar ke juyawa, ya sauke tafin gaba ɗaya a kan ƙarfe.

A aikin mota, bugu ɗaya a rufi tsayawa ne, biyu kuma tafiya. Abdulmalik ya taka birki. Mata suka zube kan juna, caki ya gangara ƙarƙashin kujera.

"Wa zai sauka a dajin nan?" Abdulmalik ya waiwayo. "Baba Matthew! Kai nake tambaya. Kiɗa kake mini a mota?"

Matthew ya ji idanun mata goma sha biyu a ƙeyarsa. Wata ta fara dariya, aka zungure ta.

Mama Lydia ta gyara ɗankwali. Ta karɓi gangar daga hannun mai ita, ta miƙa ta saman kawuna.

"Baban Abigail, riƙe mana. Tun ɗazu ake kashe mana waƙa."

Ya karɓa. Ya zauna a bakin ƙofa, ganga tsakanin gwiwoyi, ya kaɗa musu har Kakau. Bai taɓa kiɗa mai kyau irin wannan ba, bai kuma ɗaga kai ko sau ɗaya ba. Takunkumin ya jiƙe da gumi.

Ita ce ta sauka a ƙarshe. Ta karɓi gangar, ta tsaya tana gyara zane.

"Asabar muna nan zuwa sa rana, kamar yadda aka yi," ta ce. "Ka gaya wa ofis su ba ka hutu."

Ta bi sauran. Matthew ya cire takunkumin ya cusa a aljihu.

"Baba, wane ofis?" Abdulmalik ya tambaya.

Ya bugi rufin sau biyu.