Bindigar Baba Ta Tashi

An ajiye bindigar a kan tebur gaban alƙalai, doguwa, ƙirar maƙeran ƙauye. Hamdiya ta san ta. Tun da aka kawo ta gidan tana amarya take ganinta rataye a zauren Labo, ƙanin mahaifin mijinta, wanda kowa ke kira Baba. Da wannan bindigar aka kashe mijin nata, Garzali, a kan iyakar gonarsa da ta Labo, gabas da Cadawa, farkon damina.

Labo bai musa cewa bindigar tana hannunsa ba. Ya ce zabin daji ya biyo, ya yi tuntuɓe, ta tashi. Likita ya ce dalma ta shiga ta ƙirji daga kusa, amma rauni ba ya nuna niyya. Jandarman da ya yi bincike ya ce ya tarar an tuge gambar da ke raba gonakin biyu, ya kuma ji labarin gardamar iyaka. Wanda ya gani da ido dai mutum guda ne, matar mamacin, da ta kai fura gona.

Lauyan Labo ya miƙe cikin baƙar rigarsa. Yana magana da Faransanci, tafinta na juya wa Hamdiya.

"Ranar da abin ya faru jandarma ya tambaye ki, kika ce bindigar Baba ta tashi. Haka ne?"

"Haka ne."

"Ba ki ce wani ya harbi wani ba."

Lauya ya juya wajen alƙalai ya buɗe hannuwa. Cikin zubar da ya yi, kalma guda Hamdiya ta kama, aksidan, wadda take ji a bakin direbobi in mota ta kife.

Ta tuna yadda aka yi tambayar. A ƙofar gida ne, surukanta maza sun cika tabarmi, ita tana rakuɓe a gefe, mayafi ya rufe mata fuska. Mace ba ta kama sunan surukinta, ba ta kama na mijinta, balle ta haɗa su biyun da kisa a gaban dangi. Ta faɗi abin da bakinta ya iya ɗauka. Duk wanda ke wurin ya gane, shi ya sa mata suka fasa kuka daga cikin gida. Da maganar ta koma Faransanci, sai ta zama bindiga ce ta yi aikinta ita kaɗai. In aka tafi a haka, tsautsayi za a kira mutuwar Garzali, Labo ya koma gida ya shuka gonar.

Aka ba da hutun salla. Tijjani, babban ɗan Labo, ya same ta a gindin bishiyar bedi.

"Matar yaya, abin da kika faɗa ya isa. Ki bar shi haka nan. Ɗiyanki a gidanmu za su girma, ki tuna."

Zahra'u, ƙanwar Garzali, ta taso daga kan dakali tana gyara ɗaurin zane.

"Mi ya isa? Bindiga ta tashi! Tsuntsuwa ce? Fiffike gare ta? Kai Tijjani, wanda aka kashe ba a gidanku ya girma ba?"

"Ke, rufe mana baki, cikin mutane muke."

"Cikin mutanen aka ɗauko shi a amalanke." Ta juyo kan Hamdiya. "Ke kuma sarauniyar ladabi, ki yi ta kunya. Shi da ya ɗana kunama bai ji kunyarki ba."

Haushin Hamdiya ya rasa inda zai sauka, kan lauya, ko kan Tijjani, ko kan bakinta.

Da aka koma, babban alƙali ya sa aka sake kiranta. Ya ture tafinta gefe da hannu, ya yi mata Hausa da kansa.

"Malama, kotu ba ta san wani Baba ba. Wa ya yi mi? Ki faɗa da suna."

Ta dubi inda Labo yake zaune. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi, kamar yadda yake yi a zaure in ta durƙusa gaishe shi. Bayansa dangi ne jere a benci. Ta sauke mayafin daga fuskarta.

"Labo ya harbi Garzali."

Wata tsohuwa ta ce subhanallahi da ƙarfi. Hamdiya ta ci gaba.

"Na iske su suna gardama kan gamba. Garzali ya duƙa zai mai da wadda aka tuge. Labo ya koma gindin gawo ya ɗauko bindiga, ya dawo, ya ce ɗago ka dube ni. Ya ɗago. Babu zabo, babu tuntuɓe."

Lauya ya zabura. Ya tambayi dalilin da ya sa magana ta sake yau, ko wani ne ya koya mata a waje.

"Ba ta sake ba," in ji ta. "Ran nan ma abin da na ce ke nan, ku tambayi waɗannan da ke zaune, duk sun ji. Na sakaya don shi babba ne, kuka ɗauki sakayawar kuka yi mashi garkuwa da ita. To na buɗe. Ko in sake faɗa?"

Alƙali ya ce ba sai ta sake ba. Ya dawo da jandarman, ya tambaye shi nisan gawon daga inda Garzali ya faɗi. Jandarma ya ce da ɗan tafiya, kuma a gindinsa ya tsinci jakar albarushi.

Da la'asar aka yanke hukunci. Kisa ne da gangan, aka wuce da Labo gidan kaso.

A waje, motar da dangi suka yi shata ta riga ta cika. Babu wanda ya dubi Hamdiya, babu wanda ya matsa. Ta tsaya har motar ta fita. Zahra'u ta kama hannunta, suka nufi tasha da ƙafa su nemi ta Cadawa.