Kalangun Mainasara a Bakin Kwamfuta

"Baba, ba kiɗa za ka yi ba. Buga sau ɗaya, ka tsaya," in ji Hafizu mai haɗa sautin fim.

Mainasara ya dube shi sheƙeƙe. Mutumin da ya shekara arba'in yana kiɗa, ya tashi dandali har Damagaram, mota ta kife da su a hanyar Baure ya fito da kalangunsa a hammata ko tsarkiya ba ta tsinke ba! Finafinan da ya yi wa kiɗa kuwa sun fi gashin gemunsa yawa. Yau a Daurar da aka binne cibiyarsa ake ce masa buga ka tsaya.

"In na buga ɗaya-ɗayan fa?"

"Kwamfuta ta adana. Kowane fim ya zo mu jera da kanmu. Ka huta ke nan."

"Na huta da cin tuwo dai."

"Haba Baba!"

Ai ya gano su. In ya bayar, ba mai sake kiransa, sunansa ya nutse. In ya hana, makaɗa na nan a Katsina.

"Ɗan nan, kalangu ba ya magana gutsure-gutsure. Karɓi magana guda cikakkiya, ka yanka yadda kake so."

Ya matse, ya saki, kalangu ya yi 'yar magana mai lanƙwasa. Hafizu ya lumshe ido.

"Kai! Wannan ba ya yankuwa. Duk inda jarumi ya shigo, shi zan sa."

Da la'asar a gida Mainasara ya kunna wa matarsa Laraba kiɗan a waya. 'Yar mahauta ce, da kalangu aka yaye ta, tana jinsa kamar Hausa. Ta saki muciya.

"Malam, ka ji tsoron Allah! Ai cewa yake, 'Mainasara, na gaban kowa, yara ku rusuna.'"

"Ƙarya ya yi?"

"Hafizun ya sani?"

"Mai kunnen roba? Shi da kansa zai riƙa yi mini kirari har Kano."

"To, suna ka samu. Tuwon fa?"

Mainasara ya shafa gemu.

"Na gaya masa kiɗan jarumi daban, na mugu daban. Gobe ma ya ce in koma."

"Na mugun me zai ce?"

"Hafizu."