Akwatin Hagu

A gidanmu ba a taɓa yin akwati guda ɗaya ba. Kakanmu Melquíades, wanda duk wani mai gona da ya isa a garin Huamanga sai ya zo ƙofarsa kafin ya kama hanyar birnin Lima, bibbiyu yake yin su, tunda alfadari gefe biyu gare shi. Katako mai ƙamshi a ciki, fatar bijimi guda a raba ta biyu a lulluɓe, a bi da ƙusoshin azurfa. In ya gama sai ya rataye su a bakin sanda, ya yi ta kankare mai nauyin har sandar ta daidaita. Wanda ya zo neman ɗaya kuwa, ko kujera ba ya samu.

Biyun ƙarshe ya bar wa Baba. Da Baba ya rasu aka raba gado, na dama ya faɗo wa ƙanena Zenón, na hagu ya faɗo mini. Nawa ne mummunan, gumin alfadari ya cinye bayansa, wuta kuma ta taɓa lasar kusurwarsa a wani masauki. Duk da haka a ɗaki ɗaya muka bar su, kafaɗa da kafaɗa, kamar yadda muka tashi muka gan su.

Sai ga Señor Arrieta, dillalin tsofaffin kaya daga Lima, mai takalmin da bai san taɓo ba. Ya shafa na Zenón, ya shinshina cikinsa, ya ce a ƙarshen gadon kwana a wani otal za a ajiye shi. Nawa ko kallo na biyu bai samu ba.

Da Zenón ya yarda zai sayar, raina ya ɓaci, ban kuma ɓoye ba. Zenón ya ce yanzu mota ake hawa, kuma ɗakinsa yoyo yake. Yoyon gaskiya ne, na gani da idona. Na ce ya kwashe kwanon rufin madafata, ni na iya girki a fili. Ya ce shi ba sadaka ya zo nema ba, kayansa ne.

Kafin ranar ɗauka na jiƙa kiri, na ɗaure akwatunan biyu da irin ƙullin Baba, na fitar da su rana. Ɗanyar fata in ta bushe, hannu ba ya kwance ta. Da motar Arrieta ta tsaya, Zenón ya dubi ƙullin, ya dube ni.

"Yaya Teodora, kin girma da wannan wasan."

"Ba wasa ba ne. In za ka raba su, ka raba da hannunka ina kallo."

Na ɗauka zai ji nauyi. Wuƙar Baba ya zaro daga bango, ya datse kirin sau ɗaya. Na yi kuka, amma sai da ƙarar motar ta ɓace.

Ranar Lahadi na ari alfadarin maƙwabciyata, na ɗora akwatina a hagu cike da masarar da zan kai kasuwa. Kaya ya karkace, dole. Na gangara bakin rafi na zaɓo dutse mai nauyinsa daidai, na ɗaure a dama, yadda fatake ke yi in sun yi asara a hanya. Ban bi ta lungu ba, ta gaban coci na bi ana fitowa, sannan ta ƙofar Zenón, inda yake kan tsani yana buga sabon kwano.

Wata tsohuwa da ta san Kaka ta tare ni, ta ce ina ɗan'uwan akwatin. Na dafa dutsen, na ɗaga murya yadda na kan tsani zai ji.

"Ga shi nan, Inna. Wannan bai taɓa sayar da kowa ba."

Bugun guduma ya tsaya. Ban waiwaya ba. Kowace Lahadi tun daga ranar ta nan nake bi, kuma ban canja dutsen ba.