Almakashin Baba Abakar

Kwana goma sha tara Baba ya yi bai kira sunana ba. Ni Mawada, 'yarsa ta fari, ni ke ba shi abinci a baki, ni ke wanke masa kaya, amma in na shiga ɗaki sai ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Wallahi tambayar nan ta fi min ciwo a kan duk abin da muka gudo wa a yaƙin Omdurman ta Sudan.

Abu ɗaya ne ke dawo masa da hankali, wani tsohon kaset ɗin bidiyo. Shekara ashirin Baba Abakar ya yi yana juya injin silima a unguwarmu, zamanin da ake yayin fina-finan baƙaƙen Amurka, masu gashi tuli guda da rigar fata, masu lakaɗa wa azzalumai duka har 'yan kallo su hau kujeru suna ihu. Da za a rufe silimar, ya sa aka ɗaukar masa wanda ya fi so daga zaren fim ɗin silimar zuwa kaset. Ranar da muka gudu, mutumin nan ya bar takardun gida, ya bar maganinsa, ya cusa kaset a jallabiya. Har muka shiga Aswan ta ƙasar Masar ina masa mita.

In na kunna masa a ɗakinmu na unguwar Ard al-Liwa a Alƙahira, sai ya gyara zama ya shiga fassara da Hausa, kamar yadda yake yi wa mutanenmu Hausawan unguwa a da. A ƙarshe jarumin ya fito daga gidan da ke cin wuta, fim ya ƙare, Baba ya juyo ya ce, "Mawada, kawo shayi." Sau ɗaya a rana, kuma ya ishe ni.

Sai ga tsinanniyar na'urar bidiyon ta cinye zaren kaset ɗin. Tun daga ranar bai sake kiran sunana ba.

Ba inda ban shiga ba da kaset ɗin nan a jaka. Daga Giza zuwa ƙarshen Faisal, maikrobas bayan maikrobas, masu shaguna suna min dariya, wani har da tambayar ko daga kabari na tono shi. A ƙarƙashin wata matakala na samu Isam, wani dattijo ɗan Sudan mai gyaran talabijin. Ya jawo zaren, ya duba, ya girgiza kai.

"Khalas, shi ke nan, 'yata. Wannan ya mutu."

Na zauna a ƙasa na fashe da kuka, ko kunya ban ji ba. Na ce masa ubana ne a cikin abin nan. Ya sa tabarau, ya karanta rubutun da ya dushe a gefen kaset, ya daɗe yana latsa kwamfuta, sannan ya miƙo min ɗan filas kamar yatsa.

"Ma'alish, ki yi haƙuri. Ga shi nan cikakke, ya fi naku kyau ma."

Bayan la'asar na kunna. Kiɗan farko na tashi Baba ya gyara zama. Alhamdulillahi! Ya shiga fassara, yana kai naushi a iska, yana ce wa mugun ɗan sandan, "Za ka ci ubanka yanzu!" Gida ya kama wuta, jarumin ya fito. Na miƙe zan ɗora shayi.

Amma fim bai ƙare ba. Jarumin ya nufi motarsa, wani ya leƙo ta taga ya harbe shi ta baya. Ya faɗi a kan titi, idanunsa a buɗe. Na ga fim ɗin nan ya fi sau ɗari, ban taɓa ganin wannan wurin ba.

Baba ya zabura.

"Wa ya mayar da wannan?" ya ce. "Na yanke shi! Da hannuna na yanke shi! Ranar farko da na haska, mutane suka karya kujeru, Indo mai gyaɗa ta yi ta kuka har gida. Mutanenmu sun gaji da ganin ana kashe nasu. A silimata namu ba ya mutuwa!"

Na kai hannu zan kashe talabijin, ya damƙe ni, ya dube ni ido cikin ido.

"Mawada! Kawo almakashi, yalla maza, kafin mutane su shigo."

Abin da na yi kwana goma sha tara ina roƙon Allah ke nan, amma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Na ɗauko almakashin ɗinkina na ba shi. Ya zare filas ɗin daga jikin talabijin, yana jujjuya shi a tafin hannu, hawaye na bin gemunsa.

"Ina zaren yake, Mawada? Ta ina zan yanka?"