Minjirya a Wuyan Baba Yacuba

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kada Baba Yacuba a bakin kogi, abinci ya ƙi wuce masa maƙogwaro. Ko ruwa ya kurɓa sai ya sarƙe, ya yi ta tari har da hawaye. Mutumin da ya shekara arba'in yana su, ga shi duk ya zube. Ƴarsa Nuriya ke jinyarsa a asibiti, kuma ita likita ya gaya wa cewa in haɗiya ba ta dawo ba, sai an zura masa tiyo ta hanci.

Ran Talata Madam Fa'iza ta zo, mai koya wa majinyata motsa jiki. Bazabarma ce, Hausarta ba ta gama nuna ba. Ta fiddo wata ƴar na'ura mai wayoyi.

"Baba, za mu sa maka wuta a wuya."

Tsoho ya kare wuyansa da hannun mai lafiya. "Lalas za ku yi mini? Ni jaki ne?" in ji shi, harshe na harɗewa. "Nuriya, ɗauko takalmina."

"Ba wutar murhu ba, Baba, kuran ne, lantarki!"

"Ai gara ta murhun."

Nuriya ba ta iya magana cikin mutane ba, amma tiyon nan ya tsaya mata a rai. Ta miƙa hannu, kai a sunkuye. "Madam, fara gwadawa a kaina."

Aka manna mata wayoyin a dantse. Wani zirr ya ratsa ta, naman ya motsa da kansa. Dariya ta kuɓuce mata.

"Baba, minjirya ce!"

Ya san kifin nan mai fizgar hannun wanda ya taɓa shi, ya sha cire shi daga taru.

"Ta kai wadda ta kama ni wajen Tanda?"

"Ko jikanyarta ba ta kai ba."

Ya sauke hannu. "To, a kawo ta."

Madam ta ce na'urar tana tada naman wuya ne kawai, shi kuma sai ya dage da gwada haɗiya. Sati uku babu wani canji. A na huɗu Nuriya ta dama kunu mai kauri. Cokali ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi, ba tari.

"Ba sai an sa tiyo ba," in ji Madam.

Godiya ta cika wa Nuriya baki, ta rasa ta ina za ta fara. Ta kama hannun Madam da hannu biyu, ta gode mata da Zabarmanci: "Fofo, Madam. Fofo."

"Ku gaisa daga baya," in ji Baba Yacuba. "Kunun nan yana hucewa."